KIWON KIFI A CIKIN GIDA

Kowa ya san ƙasar Kabi ƙasar kifi ce. Tun shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, sunan garin ke ta yaɗuwa har ya kai ƙasashen Turawa. Amma fa ba kowane gari ke bakin gulbi ba. Mutumin Masama, ko na wani ƙauye a ƙasar Gwandu da Kalgo, idan rani ya yi nisa tafkunan fadama suka ƙafe, sai dai ya sayi banda da tsada, ko kuwa iyali su sha miya lami. Alhali kuwa kifi yana kiwuwa a gida kamar kaji da zabi, muddin akwai rijiya kusa.

Abin ba sabo ba ne. Turawa sun daɗe suna ajiye ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi a ɗaki don sha'awa kawai, har da irin ƙurungun nan mai iyo a rigingine, kuma tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi a birnin Landan. A Nijeriya kuwa an kafa gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato a 1951. Shi manomi ba kallo ne ya dame shi ba, miya yake so da 'yan kuɗin kashewa. Duk da haka ka'idar ɗaya ce: ruwa mai kyau, abinci daidai kima.

Da fari sai wurin zuba su. Kwarmin siminti mai tsawon ƙafa 10, faɗi ƙafa 6, zurfi ƙafa 4 ya ishi mai farawa. A yi masa mafitar ruwa a gindi, a gina shi inda inuwa ke samunsa da tsakar rana, domin zafin bazara a ƙasar nan ba wasa ba ne. Sabon siminti yana da kaifi mai kashe kifi, saboda haka sai a cika shi da ruwa a bar shi mako biyu, a zubar, a wanke, kana a zuba sabo. Ruwan famfo akan sa masa magani, sai ya kwana biyu a buɗe tukuna. Duk wata roba ko duro da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, kada ta kusanci kifi ko an wanke ta sau goma. A kuma rufe bakin kwarmin da raga mai ƙarfi. Ba don shirwa kaɗai ba, don yara masu rarrafe.

Kifi biyu ne suka fi dacewa, watau tarwaɗa da karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza.

Tarwaɗa ta fi jimiri, gama Allah ya yi mata wata halitta a ka wadda take shaƙar iska da ita, shi ya sa ba ta saurin mutuwa ko ruwa ya gurɓace. Kwarmi irin wanda aka faɗa zai ɗauki 'ya'ya 200, kada mai koyo ya zarce haka. In ta sami abinci sosai, cikin wata shida takan kai kilo guda. Aibinta shi ne cin 'yan'uwanta. Wanda ya zuba 200 ya ƙyale su, ran kwashewa zai tarar da 'yan ƙalilan manya-manya, ya kama zargin maƙwabta da sata, alhali ɓarayin suna cikin ruwa. Maganin wannan shi ne kowane mako biyu a tsame waɗanda suka fi girma a ware su dabam.

Wani abu kuma, tarwaɗa ba ta ƙwai a kwarmi. A gulbi sai damina ta sauka ruwa ya malale ciyawar fadama sa'an nan take zubawa. Masu ƙyanƙyasa sukan yi wa macen allura, su matse ƙwan a kwano, su yanka namijin su haɗa da ruwansa, cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ƙwai ya fashe. Wannan aikin gwanaye ne, irin wanda ake koyarwa a cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, kusa da dam ɗin Kainji da aka gama a 1968. Mai farawa ya sayi 'ya'ya masu tsawon yatsa wurin wanda aka amince da shi. Ya ɗauko su da sanyin safiya, kuma kada ya juye su farat ɗaya, sai ya riƙa ƙara ruwan kwarmin cikin mazubinsu kaɗan-kaɗan har su saba.

Ita karfasa kuwa, haihuwarta abin mamaki ce. Namiji ne ke share 'yar gurbi a ƙasan ruwa, shi ya sa yana da kyau a zuba rairayi a gindin kwarmin. Mace ta zo ta zuba ƙwai ɗaruruwa, sa'an nan ta kwashe su duka cikin bakinta. Nan za su fashe, nan za ta riƙe su wajen kwana goma zuwa sha huɗu, ba ta cin komi. Ko bayan ta sake su, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwar. Mai kiwo in ya ga wata ta keɓe, maƙogwaronta ya kumbura, ta ƙi abinci, kada ya ce ciwo ne, goyo take yi. Namiji ɗaya ya ishi mata uku. Sai dai yawan haihuwar nan shi ne kuma matsalarta: in ba a rage 'ya'yan, kwarmi zai cika da ƙanana waɗanda ba su girma, ba su kuma sayuwa. Masu dabara sukan saka 'yan tarwaɗa kaɗan su rage su. Karfasa ba ta shaƙar iskar sama, don haka ba a cunkusa ta kamar tarwaɗa.

Wajen abinci, ƙasar shinkafa ba ta rasa dusa. Dusar shinkafa da garin ƙuli-ƙuli, da ganyen zogale, sun ishi karfasa. Tarwaɗa tana son mai maiƙo, kamar gara da tsutsa da garin kifi, ko abincin buhu na kanti ga mai hali. A ba su safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 15. Abin da ya saura ruɓewa yake yi, kuma ruɓaɓɓen abinci ya fi yunwa kashe kifi. Lokacin hunturu cinsu yakan ragu, karfasa ma takan daina ƙwai, sai a rage hannu.

Idan da asuba aka ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki, ko ruwa ya soma wari, to a zubar da sulusinsa nan take a ƙara sabo. Ruwan nan kuwa kada a sake shi a kwararo ya dami maƙwabta. Taki ne mai kyau, a ja shi zuwa fangalin albasa ko gindin zogale.