Yaran Bukarest da Ƙwaƙwalwar Jariri

Ɗalibi, ka taɓa lura da yadda uwa take renon jaririnta? Tana goya shi, tana yi masa magana ko da bai iya amsawa ba, idan ya yi kuka ta rarrashe shi. Kada ka ɗauka wasa kawai take yi. Da irin wannan hulɗa ce ƙwaƙwalwar jariri take ginuwa. Wani dogon bincike da aka yi a ƙasar Romaniya ya nuna abin da kan faru idan yaro ya rasa ta.

Lokacin da gwamnatin Nicolae Ceausescu ta faɗi a shekarar 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu na gwamnati. Da yawansu ba marayu ba ne, talauci ne ya sa iyayensu suka kai su. Mai reno ɗaya ce take kula da yara masu yawa, saboda haka jariri yakan wuni a kwance, ba mai ɗaukarsa, ba mai yi masa magana.

A shekarar 2000, wasu masana uku daga Amurka, wato Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bincike a Bukarest, babban birnin ƙasar. Sun zaɓi ƙananan yara 136 daga gidajen marayu. Aka yi ƙuri'a, aka ba iyalai riƙon rabinsu, sauran kuwa aka bar su inda suke. Wannan ƙuri'a ta jawo muhawara, kuma ta cancanci muhawarar. Sai dai a lokacin kusan babu tsarin ba da riƙon yara a birnin, masanan ne suka kafa nasu. Daga nan aka yi ta bibiyar yaran, ana sake gwada su suna da shekara 8 da 12 da 16.

Me aka gano? Yaran da aka ba da riƙonsu sun fi sauran ƙoƙari a gwajin basira, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu. Da aka auna aikin ƙwaƙwalwar waɗannan suna shekara 8, ya yi kama da na yaran da suka tashi a gaban iyayensu. Ciwon damuwa da yawan fargaba sun yi sauƙi a cikin yaran riƙo. Amma rashin natsuwa da kasa mai da hankali ba su ragu sosai ba.

A shekarar 2004, Romaniya ta yi dokar hana ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba a gidan marayu, sai fa mai nakasa mai tsanani.