Daga Ose Okwodu Zuwa Ramukan Kwal Na Inugu

Daga Wakilinmu, Anacha

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a Kasuwar Ose Okwodu ya ce da ni ɗansa ya shekara goma sha biyu bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba, sai a littafin makaranta. Ba laifin yaron ba ne. Layin dogo bai taɓa shigowa Anacha ba, Kogin Kwara da manyan motoci su ne hanyar garin. To, da aka yi hutun makaranta sai muka haɗa iyali, nasa da nawa, muka shiga mota muka nufi Inugu.

Jama'a, Inugu dai kwal ne ya haife ta. A 1909 Turawan binciken ma'adinai suka gano shi a duwatsun Udi. Da suka ga arziki ne, sai suka nemi hanyar kai shi bakin teku. Nan ne asalin Fatakwal, wadda Gwamna Lugga ya raɗa wa sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, a 1913. A 1916 dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu, tafiyar mil 151. Daga nan aka yi ta ja da shi Arewa, ya kai Kafanchan a 1927, aka gama gadar Makurdi a kan Binuwai a 1932.

Ta wannan dogo ne kakannin da yawa daga cikinmu suka gangaro Kudu. Shanu a taragu, mai shanu a gefe da butarsa da buzunsa, har Umuahia. Abokin tafiyata ya yi shiru da muka tsaya a tashar Inugu, can ya ce mahaifinsa a nan ya sauka da jakar tufafi guda. Yara kuwa ba ruwansu, sai tsalle suke a kan ƙarafan da ciyawa ta rufe, suna tambaya yaushe jirgin zai zo. Muka ce ba yau ba. A 2024 an gyara ɓangaren Fatakwal zuwa Aba, amma mu ranar ba mu ji ko ƙarar usur ba.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne kwarin Iva, inda aka buɗe rami a 1917. Ran 18 ga Nuwamba 1949 leburorin kwal suna jan ƙafa wajen aiki saboda rikicin albashi da korar 'yan'uwansu. Hukuma ta aiko 'yan sanda su kwashe nakiyar fasa dutse daga ma'aji, gudun kada ta faɗa hannun masu neman mulkin kai. Aka yi cirko-cirko, wani hafsan 'yan sanda Bature ya ba da umarni a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Labarin ya girgiza ƙasar nan duka, aka yi zanga-zanga a Aba da Fatakwal da Anacha, 'yan siyasar da ba sa ga-maciji suka zauna inuwa guda. Akwai gumakan tunawa da mamatan kusa da Sabuwar Kasuwa. Sau nawa direbobinmu suka kewaye su da lodin tumatir ba su san na mene ne ba?

Na kuma gaya wa yaran abin da ban ji a makaranta ba sai da na girma: magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma da ƙuri'a ya hau. 'Yata ta ce wasa nake.

Kwal ya yi tashensa har ƙarshen shekarun 1950, sa'an nan jiragen ƙasa suka koma shan man dizal, Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya ƙarasa. Yau ramukan Onyeama da Okpara kufai ne. Mai zuwa da yara ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya gai da mutanen unguwa tukuna, kuma kada kowa ya kuskura ya sa ƙafa cikin rami. Akwai ruwa, akwai gurɓatacciyar iska, rufin ma ba abin yarda ba ne.

A ƙasar Wales ta Birtaniya, ƙaramin dogon Ffestiniog da aka buɗe a 1836 don jigilar dutsen allo na rufin ɗaki har yanzu yana aiki, sai dai 'yan yawon buɗe ido yake ɗauka, su biya kuɗi, a shiga da su tsofaffin ramuka da hular kwano. A 2021 UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya. Namu ƙarafan kuwa ana sarewa da dare ana kai wa masu awon kilo, kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, wasu masu sikelin da Hausa suke ciniki.

Da la'asar muka kamo hanyar Anacha. Ɗan abokina ya tsinci ɗan gutsuren kwal a bakin hanya, ya ƙulle a bakin rigarsa, ya ce zai kai wa malaminsu.