FASHIN BAƘI: Bindiga ko harsashi? Abin da doka ta ce kan zaɓin da matsalar tsaro ta ɗora wa ƙauyukan Sakkwato

A garuruwan gabashin Sakkwato da 'yan bindiga suka addaba, daga Sabon Birni da Isa zuwa Rabah da Goronyo, kare kai ya zama zancen yau da kullum. Idan gari ya yi karo-karo, 'ya'yansa da ke aiki ko karatu a cikin birnin Sakkwato suka aiko da nasu, akan tsaya a kan tambaya guda: a ƙara sayen bindiga ne, ko a tara harsashin waɗanda ke hannu? A ido tambayar ta kuɗi ce, amma tana da alaƙa da doka, da siyasar tarayya, da makomar garin kansa.

Me ya sa harsashi ya fi bindiga wuya?

Bindiga sau ɗaya ake saye, kuma idan ta samu kulawa tana yin shekaru gommai. Harsashi kuwa da zarar ya fita ya tafi ke nan. Gidan harsashin AK-47 na ɗaukar guda 30, kuma idan aka sake ta ba tsayawa, cikin kimanin daƙiƙa uku ya ƙare. Don haka kuɗin bindiga somin-taɓi ne. Ainihin ɗawainiyar tana cikin ciyar da ita. Garin da ya zuba duk abin da ya tara a kan bindiga yana iya wayar gari da ƙarfen da bai fi sanda amfani ba. Wanda kuma ya jibge harsashi ya ajiye abin da ɓarayin daji suka fi kwaɗayi, domin su ma wannan ne rauninsu. Shi ya sa ake yawan jin jami'an tsaro sun kama masu safarar harsasai, har da mata, a kan hanyoyin Arewa maso Yamma.

Me doka ta tanada?

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, wato makaman yaƙi irin su AK-47, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Na uku su ne bindigogin toka irin na maharba, waɗanda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da hurumi a kansu. Wanda aka samu da haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne sashe na 8 na dokar, wanda ya hana ajiye harsashi sai bisa sharuɗɗan lasisi ko izini. Saboda haka wanda ya ce zai bar bindiga ya tara harsashi don ya kauce wa fushin hukuma bai tsira ba. Ƙari a kan haka, a watan Agusta 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan bindigogi a faɗin ƙasa, bisa hujjar cewa makamai sun yi yawa a hannun jama'a.

To, ba gwamnoni ne suka ce a kare kai ba?

Sun faɗa. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'arsa su nemi makamai. A watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umurci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Nan da nan rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Dalilin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 214 kuma ya ba ƙasar rundunar 'yan sanda guda ɗaya. Sashe na 33 ya amince da kare kai daga harin zalunci, amma amincewa da kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Talaka ya faɗa tsakanin gwamnan da ke cewa ya tashi tsaye da dokar da ke iya ɗaure shi idan ya yi hakan.

Me Sakkwato ta riga ta gani?

Jihar ta ɗanɗana sakamakon barin tsaro a hannun wanda duk ya iya riƙe makami. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga suka far wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. Ana ganin irin waɗannan hare-hare a matsayin wani ɓangare na ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, waɗanda su ma aka zarga da kashe Fulani ba tare da shari'a ba. Kafin shekarar ta ƙare, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ayyukan 'yan sa-kai a jihar.

Labarin Lakurawa ya fi wannan ɗaci. Masu bincike, ciki har da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun bayyana cewa al'ummomi a yankin Tangaza da Gudu ne suka fara karɓarsu don su kore musu ɓarayin shanu. Daga baya baƙin suka koma ɗora wa masu masaukin nasu doka da karɓar dabbobi da sunan zakka. A watan Nuwamba 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da su a matsayin barazana, a Janairu 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

Gwamnatin Ahmed Aliyu ta bi wata hanyar: ta kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha bisa doka, ta ƙaddamar da ita a watan Maris 2024, bayan Katsina da Zamfara sun kafa nasu. Sai dai ita ma wannan runduna tana ƙarƙashin Dokar Bindigogi, ga shi kuma mutanen da take fuskanta suna riƙe da makaman yaƙi.

Daga ina makaman ke fitowa?

Akan ɗora laifi a kan rushewar Libiya a 2011 da kuma iyakar Nijar mai tsawo, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma rahoton da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a Janairu 2020 ya gano cewa wasu makaman da aka ƙwace a Arewa daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya suka fito. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 shi ma ya ce bindigogi 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, daga ciki 88,078 AK-47 ne.

Wannan ya nuna inda kuɗin karo-karo ke ƙarewa. Tunda babu halastacciyar hanyar sayen makamin yaƙi ko harsashinsa, garin da ya nema dole ya bi ta hannun dillalan bayan fage, kuma babu abin da zai hana dillalin da ya sayar wa gari yau ya sayar wa maharansa gobe. Ƙaruwar masu saye ribar dillali ce, ko wane ɓangare ya yi nasara.

Me ya rage a tambaya?

Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin farko na gwamnati. Idan manomi ya kai ga auna kuɗin taki da na harsashi, wannan sashe ne aka kasa cikawa. Matasan da ke bin siyasa suna da abubuwan da za su bi diddigi: inda aka kwana kan bindigogin da suka ɓace, abin da Cibiyar Yaƙi da Bazuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, da aka kafa a 2021, ta yi kan safarar harsashi a iyakar Illela, yadda ake ƙirga harsashin da ake ba rundunar jiha, da kuma matsayin 'yan majalisar Sakkwato kan 'yan sandan jihohi. Waɗannan tambayoyi suna da ofisoshin da ya wajaba su amsa su.