Wane Jirgi Zan Tuƙa? Zaɓen Sabbin Matuƙa a Amurka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san direban ƙaramar mota ba ya jan babbar motar kaya sai ya sami wata takarda. To, a sama ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Kowane irin jirgin fasinja da takardarsa. Wanda ya koyi wannan ba shi da izinin tuƙa wancan, sai ya koma makaranta.

A ƙasar Amurka akwai manyan kamfanonin jiragen sama, kamar Delta da United da American. Su ne ke haɗa manyan birane. Ƙananan garuruwa kuwa, sai su ba wasu ƙananan kamfanoni kwangila. Jirgin yana ɗauke da sunan babban kamfani, amma matuƙansa ma'aikatan ƙaramin ne. Wanda ya fi girma cikin waɗannan shi ne SkyWest, wanda aka kafa a 1972 a jihar Yuta. A irin waɗannan kamfanoni ne yawancin matasa ke fara aiki.

Kafin a ɗauki mutum, doka ta ce sai ya yi awa 1,500 yana tuƙi a sama. Akan rage wa tsofaffin sojoji da waɗanda suka fito wasu makarantu. Dokar nan ta fara aiki a 2013, kuma haɗari ne ya jawo ta. Ran 12 ga Fabrairu 2009, wani jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da birnin Bafalo, mutum 50 suka rasu.

To, ga saurayi ya cika awoyinsa, an ɗauke shi. Wasu kamfanoni iri guda kawai gare su, babu zaɓi. Amma a SkyWest iri biyu ne. Na ɗaya CRJ, ƙirar kamfanin Bombardier na ƙasar Kanada. Siriri ne, injunansa biyu suna can baya wajen wutsiya. Ƙaraminsa yana ɗaukar mutum 50, babbansa 76. An kai wa mai saye na ƙarshe da aka ƙera a 2021. Na biyu E175, ƙirar kamfanin Embraer na ƙasar Birazil. Shi ma mutum 76 yake ɗauka, amma ya fi faɗi, injunansa suna ƙarƙashin fukafukai, kuma yana da na'urar da ke ƙara wuta ko ta rage da kanta. A CRJ, hannun matuƙi ne ke wannan aiki.

Idon yaro yakan tafi ga E175. Ba laifinsa ba ne, kowa na son sabon sirdi. Amma tsofaffin matuƙa ba kyawun jirgi suke fara tambaya ba. Tambayarsu ita ce: a wane gari jirgin yake kwana, kuma mutum nawa ne a gabanka?

Ga dalili. Ranar da aka ɗauki matuƙi, sai a ba shi lamba. Wannan lamba ita ce matsayinsa a layi, kamar layin shayarwa a bakin rijiya. Wanda ya riga ka zuwa shi ke fara zaɓen komai: garin zama, ranakun aiki, lokacin hutu. Gwaninta ba ta sa ka tsallake kowa. Idan tsofaffin ma'aikata sun cika wani jirgi, sabon shiga zai daɗe a wutsiya. Na wutsiya kuwa ba shi da tsayayyen aiki. Zaman jira yake yi, waya a hannu, ko da wani zai yi rashin lafiya a kira shi. Jirgin da mutane ba su rububi, layinsa yakan fi saurin tafiya.

Sai maganar gari. Ba kowane jirgi ke da tasha a kowane birni ba. Wanda iyalinsa ke yamma, jirginsa kuma yana kwana a gabas, dole ya riƙa shiga wani jirgin kafin ya isa wurin aiki, in an sami kujerar da babu kowa. Ba a biyansa wannan tafiya. Da yawa sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda kusa da filin jirgi, gado a kan gado. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mataimakiyar matuƙin jirgin nan na Colgan daga birnin Siyatil ta taso, ta kwana cikin jiragen kaya, tafiyar kusan kilomita 3,900, kafin ta iso wurin aiki. Masu bincike sun ɗora haɗarin a kan kuskuren babban matuƙi, amma sun yi dogon bayani a kan gajiya.

Akwai kuma kujerar hagu. Matuƙa biyu ne a gaban jirgi: babba a hagu, mataimaki a dama. Mataimaki ba ya zama babba sai ya yi awa 1,000 a aikin kamfani, kuma layi ya iso kansa. Mai zaman jira ba ya tara awoyi da sauri. Doka ma ba ta yarda a wuce awa 1,000 cikin shekara ba, saboda haka ba a rama watannin da suka tafi a banza. Albashin babba ya fi na mataimaki nesa, kuma awoyin kujerar hagu suna da daraja ranar da mutum zai nemi aiki a Delta ko United. A ganinmu, shekara guda ta jinkiri a nan ta fi kowace na'ura tsada, tun da a shekara 65 doka ke sauke kowane matuƙin irin waɗannan kamfanoni.

In kuma mutum ya zaɓa ya yi da-na-sani fa? Ba a sauyawa nan da nan. Horo yana cin makonni da kuɗi masu yawa, cikin wani ɗaki mai motsi da aka yi shi kamar gaban jirgi. Don haka kamfani yakan ɗaure mutum a kan jirginsa na wani lokaci, gwargwadon yarjejeniya.

Duk da wannan lissafi, layin na iya tsayawa cik. A 2020, da cutar korona ta hana tafiye-tafiye, ƙananan kamfanoni uku sun rufe: Trans States da Compass da ExpressJet. Compass kuwa E175 yake tuƙawa, jirgin da kowa ke so. Lambar matuƙi ba ta binsa zuwa wani kamfani. Waɗanda suka sami aiki a wani wuri, har da masu furfura, daga wutsiyar layi suka sake farawa.