Kafin ka sanya wa motarka turbo: Lissafin da ya kamata a yi daga Rumuokoro

Duk ma'aikacin tarayyar da aka taɓa tura shi Fatakwal ya san Rumuokoro. A nan ne titin Ikwerre ya haɗu da babbar hanyar East-West, a ƙaramar hukumar Obio/Akpor, kusa da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da barikin soja na Bori Camp. Mai zuwa filin jirgin sama na Omagwa da mai zuwa jami'a a Choba duk nan suke ratsawa, kuma duk da gadar sama da aka gina a zamanin Gwamna Nyesom Wike, cunkoson ƙasan gadar bai gushe ba. 'Yan Arewa masu sayar da albasa da tumatir da masu tura baro na cikin waɗanda suke raya wurin tun asuba.

A irin wannan cunkoso ne akan ga ƙananan motocin tsere, Mustang ko Nissan 350Z ko tsohuwar Lexus IS, suna rarrafe tsakanin motocin haya. Masu su, da yawa matasa ne da albashi ko alawus ya fara zauna musu, sukan kai matakin da ƙarfin motar ya daina isar su, sai a fara maganar turbo.

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905, kuma a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da ita a motocin gida, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Hayaƙin da ke fita daga inji ne yake juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin injin. Idan iska ta ƙaru sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Matsakaicin matsi kan ƙara wa mota kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinta. Sai dai farfelar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan kusanci digiri 900, kuma kusan duk kuɗin da za a kashe daga baya, wannan zafi da wannan matsi ne sanadinsa.

Cikakken saitin turbo na ƙananan motocin tsere irin su Toyota 86 ko Mazda MX-5 yakan kama dala 4,000 zuwa 6,000 a kasuwar Amurka. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, lissafin daban ne. Idan aka ɗauki dala 5,000 a kan naira 1,500, an tashi naira miliyan 7.5, wato mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na kusan shekara tara. Ba a sa kuɗin dako da na kwastam ba tukuna.

Kuma kwalin da zai iso bai ƙunshi komai da komai ba. Kulocin da kamfani ya sanya an yi shi ne daidai da ƙarfin asali, yakan fara zamewa cikin 'yan watanni. Famfon mai da nozul sau da yawa sai an canja su da manya. Lagireto na buƙatar ƙari, birki da tayoyi ma haka, domin motar da ta iya tashi dole ta iya tsayawa. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje sukan shawarci mutum ya ware wani kuɗin daban na abin da zai ɓalle bayan an gama aiki. A Najeriya shawarar ta fi nauyi, tunda kowane ƙarfe da ya karye da dala za a sake sayo shi.

Akwai masu bin gajeriyar hanya. A kasuwar Ikoku da ke Diobu, ko Nkpor a gefen Onica, ko Coal Camp a Inugu, ba a rasa turbo na hannu da aka kwance daga motocin dizal ko motocin da suka yi haɗari, a farashi mai sauƙi. Maƙeran wuraren kuwa gwanaye ne, za su lanƙwasa bututu su haɗa salansa yadda ido zai yaba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira biren-bos. Ita ke ƙayyade yawan man da zai shiga da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan ba a sake saita ta ba, iska za ta rinjayi mai, ɗakin ƙonewa ya yi zafin da ya wuce kima, fistin ya narke ko ya tsage. Saitin yana son na'urar gwaji wadda ake ɗora mota a kai a auna ta tana gudu a tsaye, da kuma mutumin da ya san karatun abin da na'urar ta nuna. A ganina, wanda bai samo wannan mutum ba tukuna bai kamata ya sayi ko ƙusa ɗaya ba.

Batun fetur ya fi kowanne ruɗi, kuma a nan ne masu karatu ma suke faɗawa. Takardar saitin da aka yi a Amurka za ta ce a yi amfani da fetur mai lamba 91 ko 93. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu shi ma ana kiran sa 91, sai mutum ya ɗauka an dace. Ma'aunin biyu ne daban. Lamba 91 ta Amurka ta yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, namu 91 kuma ya yi daidai da 87 nasu. Injin da ake matsa wa iska, idan aka ba shi irin wannan mai, sai man ya riƙa kamawa da wuta kafin lokaci, ya riƙa bugun fistin daga sama. Mafita ita ce a rage matsin turbo a saita ƙwaƙwalwar daidai da man da ake samu, wanda ke nufin mutum ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai same shi duka ba. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam ya lalata motoci a Legas da Abuja. A Fatakwal kuma akwai ƙarin barazanar man haramtattun matatu da ake kira kpo-fire, wanda kan sulale cikin jarkokin 'yan bumburutu.

Garin ma yana da nasa haraji. Ruwan sama a Fatakwal yakan haura milimita 2,000 a shekara, kuma tituna da dama sukan cika idan an yi kamar da bakin ƙwarya. Yawancin saitin turbo suna sauko da bututun shaƙar iska da na'urar sanyaya ta zuwa bayan bamba, kusa da ƙasa. Inji ya shaƙi ruwa sau ɗaya, sandar fistin ta lanƙwashe. Baƙin ƙurar da ta addabi birnin tun 2016 tana saurin toshe matatar iska, cunkoso kuma yana dafa baƙin mai, don haka juye kan zo da wuri, da mai mai tsada, wanda jabunsa ya cika kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙafa mai nauyi a kan totur ta zama abin da ake ji a aljihu kowane mako.

Sai takardu. Inshorar naira 15,000 da yawancin mutane ke yanka tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne kawai. Mai cikakkiyar inshora kuwa, idan ya sauya injin bai sanar da kamfanin ba, ya buɗe musu ƙofar ƙin biya ranar da aka yi haɗari. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya, bisa ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra, kilomita 100 ce a awa, gudun da motar ke kaiwa tun ba a taɓa ta ba.

Ga wanda zuciyarsa ta nace, akwai hanyar da ta fi araha a mafi yawan lokuta: ya sayar da motar, ya cika kuɗi ya sayi wadda aka ƙera da turbo tun daga masana'anta. Mercedes-Benz C300 daga samfurin 2015, da Lexus NX 200t, da Honda Accord ta 2018, da Mustang mai injin EcoBoost duk suna shigowa a tokumbo. Fistin ɗinsu da giyarsu da lagiretonsu an auna su ne tare, ƙwaƙwalwarsu kuma tana jin bugun mai mara kyau ta ja baya da kanta. Makanikin Apo a Abuja zai iya karanta ta da kwamfutarsa kamar yadda na Ikoku zai iya, abin da ke da muhimmanci ga ma'aikacin da takardar canjin wurin aiki kan iya riskarsa a kowane wata.