Motar Turbo Da Man Rake: Abin Lura Kafin A Aika Da Kaya Mubi

MUBI: Duk wanda ya zauna Ikko ya san yadda abin yake. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, ya sayi tokumbo, ya aika da ita gida. Motar nan sai ta ratsa Yola, ta bi ta Gombi da Hong, kana ta iso Mubi a gindin duwatsun Mandara. Cikin irin motocin da ke isowa garejojin garin akwai masu turbo, akwai kuma waɗanda suka fito daga Amurka da murfin tanki ruwan ɗorawa, an rubuta E85 a kansa. Rubutun nan yana da ma'ana, kuma rashin saninta yana iya cinye wa mutum inji.

E85 fetur ne da aka gauraya da itanol, har kusan kashi 85 cikin 100. Shi itanol ana tatso shi daga rake ko masara ko rogo ko dawa. Asalinsa ɗaya da ruhun barasa, sai dai na mota akan zuba masa abin da zai hana a sha. Mutanen Burazil su ne gwanaye a wannan fage. Sun fara shirinsu a 1975 bayan tashin farashin mai, a 1979 kuwa suka fito da Fiat 147 mai tafiya da itanol zalla. Nijeriya ma ta fitar da manufarta a 2007, da niyyar gauraya kashi 10 cikin 100, watau E10. Ga rake a Numan, a nan jihar Adamawa. Amma E85 ba mai ne da direba zai shiga gidan mai a Mubi ya ce a cika masa tanki da shi ba.

To, me ya sa masu turbo ke kwaɗayinsa? Turbo dai fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska in ta matsu sai ta yi zafi, fetur mai rauni kuwa sai ya kama wuta tun fulogi bai ba shi ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. In aka ci gaba a haka fistin ne zai tafi. Itanol yana jure matsi fiye da fetur, yana kuma sanyaya cikin inji. Nan amfaninsa yake.

Amma fa yana da ci. Ƙarfin da ke cikin litarsa bai wuce kashi biyu cikin uku na litar fetur ba. Saboda haka injin da aka maida shi kan E85 yana bukatar ƙarin mai kamar kashi 30 cikin 100. Ke nan famfon da ke cikin tanki sai an sa babba, nozul ma sai masu faɗin baki, ƙwaƙwalwar motar kuma sai an sake mata lissafi da kwamfuta. Wanda ya sake nozul ya bar ƙwaƙwalwa, mai zai yi wa inji yawa. Wanda bai sake kome ba ya ɗura E85, mai zai gaza, zafi ya hau, kuma a kan hawa ne ko wajen wuce babbar mota abin zai nuna. Sai maganar tiyo. Itanol yana cin tsohuwar roba, yana wanke dattin tanki ya tura shi cikin filta, yana kuma jan ruwa. Motar da aka ajiye ta kwana biyu da damina, ruwan nan yakan kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo yake zuƙa.

Mazauna Ikko kam suna tune da watan Fabrairu na 2022: aka shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, mitanol ya yi masa yawa, motoci suka lalace, layi ya cika gidajen mai. Mitanol dabam, itanol dabam, na farkon ya fi ɓarna. Duk da haka abin ya nuna inda gizo ke saƙa. A gari irin Mubi, kusa da iyakar Kamaru, inda mai ke yawo a jarka da galan a hannun 'yan bumburutu, direba ba ya da hanyar sanin abin da aka ɗura masa, turbo kuwa ba ta da haƙurin tsohuwar Peugeot 504.

Mai murfi ruwan ɗorawa ya kwantar da hankalinsa. Motarsa tun daga kamfani an yi ta ne ta sha fetur ko E85 ko gaurayensu, ita ke daidaita kanta. Wanda kuwa ake lallashinsa a Ladipo ya sayi manyan nozul da famfo don a maida motar gida ta koma E85, ya riƙe kuɗinsa, tun da man ba ya nan. Tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023, ƙarin shan mai ba abin nema ba ne. In aike zai yi, ya aika da filta mai kyau guda biyu, da tiyon mai irin na zamani, da fulogin da kamfanin motar ya ambata.