Shinge Ba Bango Ba Ne

Da damina ta yi nisa, shingen darbejiya da ya kewaye gidajenmu da makarantunmu yakan yi toho har ya wuce kan mutum. Sai maigida ya ɗauko almakashi, ya aiki yaro ya aro tsani a maƙwabta. Ni ma haka nake yi, har wata Asabar cikin watan Agusta da na jingina tsani a shingen bayan ajinmu. Ina kan mataki na biyar na miƙa hannu zan datse wani reshe, sai kan tsanin ya nutse cikin ganye. Na faɗo da almakashi a hannu. Allah ya kiyaye bakinsa bai same ni ba, amma na yi mako shida hannun dama a ɗaure, ina rubutu a allo da hagu.

Ina jinya na gane kuskurena. Tsanin jingina don bango aka yi shi. Bango ba ya motsi, shinge kuwa rassa ne da ganye, da an danna shi sai ya ba da hanya. Saboda haka tsanin da ya dace da wannan aiki shi ne wanda zai tsaya da ƙafafunsa, ba ya neman abin jingina.

Irinsa iri biyu ne. Na fari shi ne mai buɗewa, mai ƙafa huɗu. Yana da kyau a kan daɓen siminti, amma gindin shinge ba safai yake a miƙe ba. Kowane malami ya san teburin aji da ake cusa wa takarda a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya bar rawa. Tsani mai ƙafa huɗu haka yake yi a kan ƙasa mai tudu da kwari. Na biyu shi ne mai ƙafa uku, wanda masu gyaran lambu a Japan da masu tsinkar 'ya'yan itace a Amurka suka daɗe suna aiki da shi. Gindinsa yana da faɗi, samansa a tsuke, ana kuma tura ƙafar ta uku cikin gindin shingen don mutum ya matso kusa da aikinsa. Uwargida ta san dalilin: duwatsun murhu uku ne, tukunya kuwa ba ta rawa a kansu. Amma a lura, a kan ƙasa ko ciyawa ake kafa shi. A kan siminti yakan zame. Kafinta ko mai walda na kirki zai iya haɗa shi, a sa ya ɗaura sarƙa tsakanin ƙafar ta uku da jikin tsanin don kada ta buɗe fiye da kima.

Wajen tsawo, a zaɓi wanda in ka tsaya, saman shingen zai zo daidai ƙirjinka, kuma a kalla matakai uku sun rage a sama da ƙafarka. Almakashi yana cin hannu biyu, saboda haka waɗannan matakan su ne abin da za ka tokare cinya da su.

Kafin a saya ko a ara, a duba shi. Tsanin kanti mai alamar EN 131, wato ma'aunin ƙasashen Turai, an yi shi don nauyin kilo 150, mutum da kayan aikinsa. In na katako ne, a ƙwanƙwasa shi ko gara ta ci cikinsa. Kada a yarda da wanda aka shafe da fenti, gama fenti yakan ɓoye tsaguwa. Matakan su zauna cikin gurbin da aka sassaƙa musu, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Na alminiyam ba shi da nauyi, gara ba ta cinsa, amma wutar lantarki tana bin jikinsa. Jiƙaƙƙen katako ma haka. In waya ta ratsa kusa da shingen, a bar tsani a ƙasa.

Ranar aiki, a fara kaɗa shingen da doguwar sanda, don rina takan yi gida a ciki, maciji ma yakan fake. A sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifa. A bar cibiya tsakanin sandunan tsanin biyu koyaushe. In reshe ya yi nisa, a sauko a matsar da tsanin, sauri ya haifi nawa. Kada a hau ba kowa a kusa, kada kuma a tura yaro sama don an ce ba shi da nauyi.

Da hannuna ya warke, na sa aka rage shingen nan zuwa tsawon kafaɗa. Har yanzu yana tare awaki da ƙurar hunturu, ni kuma a ƙasa nake tsayawa in gyara shi. Mai karatu, in naka bai zama dole ya yi tsawo ba, auna shi da kafaɗarka tun kafin ruwan bana ya sauka.